Hutun da abokina ya ƙoshi

Abokina mutum ne mai ci. Da wannan zan fara, don in ba a san haka ba, ba za a gane abin da ya hana ni sakat a wancan hutun damina ba. Ɗaki ɗaya muka zauna a Konni muna karatun lise, wato babbar sakandare, kwano ɗaya muke ci, kuma ban taɓa tashi daga kwanon nan da cikakken ciki ba. Kafin in gama mulmula loma, ya riga ya haƙa rami har gefena.

Abu na biyu, yana da daɗin baki. 'Yan matan unguwarmu da ya yi wa alkawari na san su duka, don ni suke tarewa a hanya suna tambayar inda ya shiga. Na taɓa ganin ya yi hawaye a gaban wata, muna dawowa ɗaki ya tambaye ni ko akwai sauran wake.

Shekarar da muka rubuta bak, jarrabawar gama lise, mahaifina bai daɗe da rasuwa ba. Gonarmu ta hatsi a ƙauye kusa da Illela ta dawo wuyana, haka ma Inna, da ƙanwata mai bi mini, wadda ita ma take lise a Illela. Da na ce zan tafi noma, sai ya ce zai bi ni. Shi ɗan ma'aikaci ne a Malbaza, bai taɓa riƙe hauya ba.

Na ce, "Mi za ka yi can?"

Ya ce, "In taya ka mana. Ko ba ka so?"

Ina so. Amma na san shi, ko tsintsiyar ɗakinmu ba ya ɗauka sai an yi faɗa.

A moton wansa, wato babur, muka tafi. Bayan Tsarnawa muka tarar korama ta kawo, muka zauna a bakinta tare da masu shanu har ruwan ya ja. A Badaguishiri ya shiga kasuwa, ya ce in jira shi wajen moto. Ya fito da goro da sabulu, ya ce na Inna ne, da wani ƙulli da ya tura can ƙasan jaka bai ce na wane ne ba. Da muka hango rumbunan garinmu ya tsaya, ya wanke ƙafafu a wani tabki, ya sake riga. Na tsaya ina kallonsa. A ranar na tuna cewa lokacin da ya zo mana ta'aziyya, ƙanwata ce ta riƙa kai wa baƙi ruwa.

Da can in ya zo gidanmu, kai tsaye yake wucewa madafa yana kiran Inna ta ba shi ƙanzo. Wannan karon tun daga zaure ya cire takalmi. Ya durƙusa daga nesa, kai a ƙasa, murya kamar ta marar lafiya. Aka kawo mana tuwon hatsi da miyar kuka a gindin bishiyar tsakar gida, Inna tana gefe tana tsince wake. Ya dubi kwanon, ya haɗiye yawu, ya ce ya ƙoshi.

Na fara zaton zazzaɓi ne. Washegari a gona ya shanye rabin ƙwaryar fura bai ɗaga kai ba. Muna komawa gida, ya sake ƙoshi. Wata rana muka haɗu da Inna a hanyar rijiya, sai kawai ya ratse cikin hatsi kamar wanda ya ga jandarma. A garinmu mutum ɗaya ne ba ya cin abinci a gaban dattijuwa, yake kauce mata a hanya: wanda ke neman 'yarta.

Daga nan na sa ido. Ƙanwata, wadda kullum take ƙorafin nisan gona, ita ce yanzu take rigan kowa ɗaukar fura. Ta zo da sabon ludayi, shi take miƙa wa. Ranar kasuwar Illela na gan ta da mayafin da ban san Inna ta saya ba. Abin da ya fi ba ni haushi, ko kallon juna ba sa yi a gabana. Na riƙa ba shi kunyoyin da ke can ƙarshen gona inda ƙasa ta fi tauri, ina jira ya gaji ya hau moton wansa ya tafi. Tafin hannunsa ya fashe, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Ban ji tausayinsa ba, na ce a raina wannan ma wasa ne.

Na tare ƙanwata tana daka, na ce, "Kin san ko wane ne shi a Konni?"

Ba ta ajiye taɓarya ba. Ta ce, "Yaya, ai ya hwaɗa min dut. Har da mai saida awara ta bakin tasha."

Wannan ma na ɗauke shi dabara. Mai wayo yakan riga ka faɗin laifinsa don ya kashe maka baki.

Hatsi ya fara fitar da kai lokacin da Baffa, ƙanen mahaifina, ya kira ni zaurensa. Ya ce, "Yaron ga ya aiko anka yi muna magana. Ba yanzu ba, sai ta ƙare karatun lakwal. Amma mu ba mu san shi ba, kai ka kwana ɗaki guda da shi. Abin da ka ce, shi za mu kama." Ya ba ni zuwa la'asar.

Na fito ina lissafi. In na rufa wa abokina asiri ya cuci yarinyar nan, ni na miƙa ta. In na tona, na rasa aboki, ita kuma ba za ta yafe mini ba. Na same shi a gona shi kaɗai, na gaya masa. So nake ya roƙe ni, ko ya kashe mini ido, in kama shi.

Ya ce, "Hwaɗa mashi abin da ka sani."

"Dut?"

"Dut. Ƙanwarka ce." Ya duƙa ya ci gaba da noma.

Na faɗa wa Baffa duka. Na faɗi 'yan matan Konni, na faɗi hawayen da waken. Na kuma faɗi lokacin da zazzaɓin taifot ya kayar da ni, shi ya goya ni zuwa asibiti, shi ya riƙa wanke mini kaya har na tashi. Na ce ni dai ban san wanne daga cikin biyun, mai daɗin bakin ko mai jinyar, ke neman ƙanwata ba. Baffa ya tambaya ko ita ta ji wannan. Na ce ta ji. Ya ce to a bar shi ya zo zance, ni kuma kada in ɗauke ido.

Da hutu ya ƙare muka kamo hanyar Konni don mu kwashe kayanmu daga ɗakin. A Badaguishiri na sayi shinkafa da wake kwano guda, na sa aka zuba mai da yaji yadda yake so. Ga mu nesa da Inna, nesa da kowa. Gaskiya na yi kewar rigimarmu a kan kwano.

Na ce, "To munafuki, taho ka rama."

Ya zo, ya durƙusa ɗan nesa da ni, ya ce, "Yaya, ci naka. Ni sai an jima."

Na yi dariya, na leƙa fuskarsa ina neman inda wasan yake. Babu. Na manta cewa wan mace ma suruki ne. Ranar na cinye kwano ni kaɗai, na ƙoshi, kuma raina bai taɓa ɓaci a kan abinci kamar ranar ba.

Sun yi aure bayan ta gama karatu. Har yau ina sa masa ido, ban kama shi da komai ba. In na je gidansu a Malbaza, ƙanwata takan kawo mini kwano cike har baki, shi kuma ya gaishe ni a durƙushe ya fita. Ina zaune ni kaɗai a ɗaki, sai in jiyo shi a tsakar gida yana cewa a ƙaro masa miya.