Ranar da Baba Ya Sayi Gonarsa

Muna sussukar gero a Kucheri, tun kafin 'yancin kai, sai ga Baturen mishan. Wai cocinsu zai sayar da sansanin da yaransu ke zuwa hutun makaranta, kuma saboda girmamawa Baba aka fara yi wa tayi.

Filin nan kuwa Baba ne ya ara musu kyauta, kuma shi nake jiran nomawa in na yi aure.

Baba ya ce, "Gonata za ku sayar mini?"

Bature ya ce, "Malam, ai mun haƙa rijiya."

"To, ku ɗauki rijiyarku ku tafi."

Rijiya dai ba ta ɗauku ba. Bijiminmu ne ya tafi.

Jama'a, akwai wanda alherinsa ya taɓa cinye masa sa?