Maganin da Inna ta kwantar a man shanu

Shekarar da hannuwana suka ɓaci, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Masu rediyo kullum zancen Jihar Arewa suke yi, mu kuwa a gefen Kebbe zancen shanu muke yi. Ina da goyon fari a lokacin, kuma fura da nono nake kaiwa kasuwa. Ba yabon kai ba, furata ba ta kaiwa la'asar.

Sai ƙaiƙayi ya fara mini a tsakanin yatsu. Na sosa, ya yi ja, ya yi ruwa, ya bushe, ya tsattsage, ya hau bayan hannu. Mai fura kuwa hannunta ake kallo kafin a kalli ƙwaryarta. Wata ranar kasuwa na ji wata mata ta ce da 'yar uwarta, ko rage murya ba ta yi ba, "Haka ta faro ma wance." Ba ta ambaci kuturta ba, amma kowa ya ji abin da take nufi. Daga ranar na fara komawa gida da ƙwarya cike, ina juye wa maruƙa abin da na wahala a kansa. Maruƙan suka yi ƙiba, ni na rame.

Maigida ya sa ni a motar auduga, muka tafi ɗakin shan magani na Tambuwal. Malamin asibitin saurayi ne mai Hausar rediyo. Ya ce in rufe ido, ya riƙa taɓa mini fata da ɗan ƙullin auduga yana tambaya ko na ji. Na ce na ji mana, ai ba itace ba ce ni. Ya yi dariya ya ce to ba kuturta ba ce, fata ce ta fusata da ruwan toka da sabulun da nake wanke ƙore da su. Wallahi saura kaɗan in rungume shi, Allah ya tsare.

Ya ba ni wani ɗan bututun gwangwani mai laushi, tsawon yatsa, mai farin mai a ciki. Jikata da ke aikin jinya yanzu ta ce irinsu ake kira sitiroyid. Ya ce in shafa kaɗan, shafe-shafe kawai, safe da yamma, a inda ya ɓaci kaɗai. Ban da fuska, ban da ciwo mai baki buɗe. In ya lafa in daina, in bai lafa ba in komo. Kuma kada in ba kowa, don akwai ƙurajen da wannan magani yake ƙara musu ƙarfi.

Kafin mako ya zagayo ƙaiƙayin ya kwanta, jan ya fara dushewa. Nan ne uwar mijina ta lura.

Inna muke ce mata. Mu a gidanmu matar ɗa ba ta kallon uwar miji a ido, ba ta yi mata musu, ba ta ma doguwar magana da ita. Ta miƙo hannu, na sa mata bututun. Ta juya shi, ta shinshina, ta ɗan lasa.

"Wanga ɗan abu shi na maganin? Ko yaji babu. To kawo in aje, kar yara su ɓata."

Ta ƙulle shi a bakin zane. Da yamma kuwa duk unguwa ta san akwai maganin Turawa a hannun Inna. Magani a wurinmu ba a hana shi, ba a kuma gode masa. Maƙwabciyarmu ce ta fara kawo ɗanta mai makero a ka, Inna ta lafta masa son ranta. Washegari yaron ya daina sosawa, sai suna ya tafi. Mai faso ta zo, mai ciwon haƙori ta zo. Wani tsoho ya taso tun daga Fakku da gyambo a ƙafa. Wani mahauci ya ce nasa ciwon a ciki yake, aka shafa masa a kan goro ya tauna.

Inna ta ga bututu yana ramewa, jama'a suna ƙaruwa. To ita mace ce da ta tsufa a kan nono, ta san in ka ɗiga ɗan tsohon nono a sabuwar madara ka rufe, kafin safiya duk ƙwaryar ta kama. Sai ta ɗauko ƙwaryar man shanu, ta matsa maganina a ciki, ta gauraya, ta rufe da faifai, ta kai kusa da murhu don ya ji ɗumi. Da safe ta buɗe, ta duba, ta gyaɗa kai ta ce ya kama. In ƙwaryar ta yi ƙasa sai ta ƙara mai, ta bar ɗan na jiya a gindi ya zama iri.

Ni ma daga ƙwaryar ake ɗibar mini. Na wuni ina ƙamshin man shanu, ƙudaje suna raka ni rijiya su rako ni gida, ƙaiƙayi kuwa ya dawo da 'yan uwansa. Na faɗa wa maigida, ya sosa ƙeya ya ce, "Uwata ta," ya ɗauki sandarsa ya bi shanu. Namiji ke nan.

Tun da ba ni da bakin yi wa Inna magana, sai na yi wa akuya. Akwai wata jar akuya da ake ɗaurewa kusa da ƙofar ɗakinta. Na tsuguna ina ba ta dusa, na ce da ƙarfi, "Ke akuya, malamin asibiti fa cewa ya yi kaɗan ake shafawa, kuma mutum guda aka ba."

Daga cikin ɗaki Inna ta amsa, "Ke akuya, gaya ma mai aiken ki, tun ba a haifi uban malamin ba nika kwantad da nono."

"Ke akuya, magani ba nono ba ne."

"Ke akuya, rowa ba ta warkad da kowa."

Akuya dai ta cinye dusarta. Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki, har dabbar nan in ta hango ni sai ta juya mini baya.

Rannan da hantsi sai ga maƙwabciyarmu ta shigo ba sallama, tana janye da yaron nan. Makeron da dā bai fi kwabo faɗi ba ya mamaye rabin kansa, gashin duk ya zube. Shi ne wanda ya sami maganin tsantsa tun kafin a kai ga man shanu. Uwar yaron ba Inna ta nufa ba, ni ta nufa. Ta ce na kawo musu maganin kutare, na shafa wa ɗanta cutata, kuma sai duk kasuwa ta ji. Mata suka leƙo ta saman darni.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na dubi hannuwana, na ga sana'ata ta tafi, sunana yana bin ta. Ban nemi akuya ba. Na taka har gaban Inna, na ɗaga ido na dube ta, na ce, "Inna, ki ba ni maganina."

Mata suka janye kawunansu daga darni. Inna ta daɗe tana kallona, ni ma sai ranar na san ashe idonta na hagu yana da ɗan hakiya. Ta kwance bakin zane ta miƙo mini bututun, ya lanƙwashe ya zama kamar ɓawon rake da aka tauna.

Na tsaga shi da aska, na kankare abin da ya maƙale a ciki da tsinke. Ɗan abin da ya rage bai isa a lafta ba ko da na so, dole na riƙa shafa shi kaɗan kamar yadda aka ce. Yaron aka kai shi Tambuwal aka ba shi nasa maganin daban. Daga ranar, kullum na tashi sai in tarar Inna ta riga ta wanke ƙore ta kife. Hannuna bai sake shiga ruwan toka ba. Fatar ta haɗe, ƙaiƙayi ya tafi, sai ɗan duhu-duhu da ya saura.

Na koma kasuwa. Na zauna a gindin tsamiyar da na saba, na buɗe ƙwarya. Mutane suna zuwa su gaishe ni da kyau, su saci kallon hannuna, su wuce wurin ta kusa da ni. Har azahar ko ludayi ban jiƙa ba. Na fara haɗa faifai ina haɗiye kuka.

Sai ga Inna, da sandarta, tana ratsa kasuwa. Tsohuwar da ko goro ba ta ci a gaban mutane. Ta zo ta tsuguna a gabana, ta ɗaga murya yadda har 'yan awo sai da suka juyo.

"Ɗiyar nan, dama min. Kuma ki murje ta da hannunki, ludayi ba shi kashe gudaji."

Na wanke hannu na murje. Ta kafa kai ta shanye, ta lashe baki, ta ce a ƙara. Ta shanye, ta ce a ƙara. Tana cikin ta ukun wani direban mota ya matso ya ce shi ma a dama masa, bayansa wasu mata biyu suka tsaya. Hawaye suka hana ni ganin ludayi, haka na yi ta damawa.

Inna kuwa ba ta taɓa shan fura mai yawa haka ba a rayuwarta. Kwana biyu tana kwance tana riƙe da ciki, tana tsine wa gero. Ni na yi jinyarta.