Rigar Sallar Sanusi

Ranar jajibirin ƙaramar Sallah, shekarar da zan gama ƙaramar lakwal, wato firamare, ina zaune bisa amalanken Baba a bakin tafkin Madarumfa, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa, wayar yayana Sanusi a hannuna. Jaki na kaɗa kunne, masunta na jan koma, ni kuwa ina tura wa wani mutum da ban taɓa gani ba lambar sirrin wasanmu na cikin waya, har ina sake dubawa kada in yi masa kuskure. Kai, wauta ma da ladabinta!

Damina biyu kafin nan Sanusi ya tafi ci-rani Najeriya bayan an yanke gero. Ya bar mini wayar da fasasshen gilashinta, ya ce in riƙe masa ɗan mutuminsa na wasan harbi da ke cikinta kafin ya dawo. Wata uku yana kiran Baba, daga nan shiru. An tambayi 'yan garin Safo da suka tafi tare, an yi roƙo, an yi sadaka, babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce ya gan shi. Abin da ya rage mana shi ne ɗan mutumin nan mai sunansa bisa kai. In na dawo lakwal, na ba lambu ruwa, na yanko wa awaki ciyawa, sai in bar yara suna langa in zauna gindin rumbu in buɗe wasan. Inna, wadda ba ta kama sunansa don ɗan fari ne, takan aje tankaɗe ta leƙo ta kafaɗata. "Kauce da shi, Ila, kada su harbe mini shi." In ya faɗi ta yi salati, in ya tashi a sabon zagaye ta yi dariya har da ƙwalla.

A gidanmu ba a Sallah da tsohuwar riga, ko mutum ba ya nan. Inna ta ɗinka wa Sanusi tasa ta ninke cikin adaka, ni ma na ce sai na yi wa na cikin waya tasa. Azumi duka ina tsinkar zogale ina sayarwa, amma kayan shagon wasan sun fi ƙarfina. Sai ga wani a zauren 'yan wasa na waya yana tallarsu rabin kuɗi. Abokina Habu ya ja mini kunne: "Araha ba ta ado. Mai gaskiya lambar ɗan wasa kaɗai yake tambaya, ba ta sirri ba." Na ƙi ji. Na yi wa mutumin tambayar da muke yi wa baƙo, ɗan ina ne, ɗan wa. Ya ce shi ɗan Gabi ne, ya faɗi unguwa, ya faɗi sunan uba, ya rantse da azumin bakinsa. "Ƙanena, ko tela ai sai ka bar mishi yadi a hannu." A wurinmu, in mutum ya faɗi garinsu da ubansa magana ta ƙare, don ka san ƙofar da za ka yi sallama. Ban san waya ba ta da ƙofa ba.

Muna saukowa daga Idi na danna, wasan ya ƙi ni, an canja lambar sirrin. Na kira mutumin, ya toshe lambata. Kwana uku da Sallah na taka har Gabi da ƙafa, tsofaffin unguwar suka ce ba su taɓa jin mai wannan suna ba. A wayar Habu na ga Sanusin cikin wasa yana gudu cikin jar riga sabuwa fil, a hannun wanda ya saye shi. Wallahi ranar na yi kukan da ban yi ba sa'ad da ya ɓata. Da yamma Inna ta ce, "Ina yaron nan, ya sa rigar?" Na ce rezo ne babu. Na faɗi haka mako, na faɗi wata. Daga baya ta daina tambaya, ba ta ƙara leƙo kafaɗata ba.

Yau ina gyaran waya a kasuwa. Yara na zuwa da kuɗin zogalensu da lambar wani mai araha, in yi ta faɗa har bakina ya bushe, su fita suna ce mini tsoho. Inna ta daina ɗinkin Sallar nan, rigunan suna adaka suna warin ajiya. Shekaru ina aron wayar Habu don in ga sunan yana motsi, har bara wanda ke riƙe da shi ya goge ya sa nasa. Sau biyu Sanusi ya ɓace mana, na biyun ni na miƙa shi da hannuna.