Malam Mudathir da Babbar Rigar Sallah

Kullum ƙarfe bakwai na safe za ka ga Malam Mudathir yana ratsa tsakanin tireloli da buhunan gero a kan tsohon babur ɗinsa, kaya fari fat, hula a karkace, turare na tashi. Titi duk baƙin mai, amma wallahi ban taɓa ganin ɗigo a rigarsa ba. Shekara talatin da biyar yana koyar da Turanci a Jibiya, makon jiya ya yi ritaya.

Mu ɗalibansa har gulmarsa muke yi, mu ce ango ya iso. Wata rana ya rubuta "dashing" a allo, ya ce Turawa na faɗin kalmar ga namijin da ya haɗa ado da ƙarfin zuciya. "Ɗan gayu matsoraci bai samun ta," in ji shi. "Kar in ji kun liƙa ma kowane mai sabon takalmi."

Ba mu gane ba sai lokacin jarrabawar fita. Na'ima 'yar ajinmu, ɗiyar wani direba ɗan Maraɗi, ta je ta'aziyyar kakarta a Maraɗin, aka rufe iyaka tana can. Safiyar jarrabawar Turanci tana tsallaken shingen iyaka tana kuka. In ta rasa, sai baɗi.

Da Malam ya ji, sai ya juya gida. Muka ce shi ke nan, ya haƙura. Ashe babbar rigarsa ta Sallah ya je sawa!

Ummaru mai shayin bakin shinge ya ba ni sauran labarin. Ya ce Malam ya kafe babur, ya taka a natse har gaban shugaban jami'an, ya ajiye katin aikinsa a tebur.

"Yallaɓai, ɗalibata ce. Ku bar ta ta rubuta, ni ku riƙe ni. In ba ta dawo ba, ku kulle ni."

Jami'in ya ce, "Malam, ka san mi kake faɗi kuwa?"

"Na sani. A ba ni benci."

Jami'in ya buga waya sama, aka yarda. Na'ima ta hau acaɓa, Malam ya zauna cikin rana har azahar da ta dawo, ko hular bai cire ba. Da Ummaru ya tambaye shi dalilin rigar, cewa ya yi, "Makomar yarinya na zo roƙo, ai ba na zo a yamutse ba."

Malam, kai ne ɗan kwalisar da bai san tsoro ba. Muna alfahari da kai, mun gode, Allah ya saka da alheri. Malamai masu tasowa, ku goge rigarku, ku kuma tsaya wa ɗalibanku.

Na'ima yanzu malama ce, ita ta gaji ajinka, Malam. Ta ce min in ita da ɗalibanta sun zo kan kalmar nan ba za ta buɗe ƙamus ba. Labarinka za ta ba su.