Ƙwallon golf a kan buzun Malam

Barira, Tasi'u, Nafi'u, ku ajiye abin da kuke yi ku saurare ni. Ku ma masu bibiyata ku matso, yau ba girki zan koya muku ba.

A farkon makon nan na dawo daga awon hawan jini, na tarar da wani mutum a tsakar gidana.

Ba zan faɗi sunansa ba. Kun san ba na kiran sunan ɗan fari.

Gajeren wando a jikinsa. Safar hannu fara, guda ɗaya tak. Ya jingina waya a kan turmina, wani Bature a ciki yana koya masa yadda ake kaɗa sanda.

Wai golf yake koyo, wasan nan na buga 'yar ƙwallo da sanda. An ƙara masa girma a ofis, ranar Asabar zai yi wasa da manyansa. A gidansa ya fasa gilashin taga, matarsa ta hana shi, shi ne ya kwaso sandunan ya taho nawa.

Wannan bai dame ni ba. Kowa da abin da yake ɓata lokacinsa a kai.

Sai na dubi ƙasa.

Buzun Malam ne a shimfiɗe. Buzun marigayi babanku, wanda ya yi shekara talatin yana sallah a kansa har wurin goshi ya suɗe. A daidai wannan wurin aka ɗora ƙwallo.

Ya kaɗa sanda. Ya kuskure ƙwallon, ya sari fatar. Gashi ya tashi. Ya sake, ya ƙara sara. Kafin in ajiye jakata buzun ya tsage kamu guda.

Na ce, "Kai, ka san a kan me kake tsaye?"

Ya ce, "Hajiya, siminti zai kankare min sanda. Ai wannan tsohuwar fata ce, ba mai amfani da ita."



Ban yi faɗa ba. Na janye buzun, na naɗe, na karɓi sandar.

Ni ban yi boko ba, karatun wayar nan ma da kaina na koya. Amma na yi shekara ashirin ina bugun shinkafa a fadama, na san sanda.

Na ce masa ya daina shaƙe ta kamar mai kashe maciji, ya riƙe ta sakwa-sakwa. Ya buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa. Ƙarfin daga ƙugu yake fitowa, hannu rakiya kawai yake yi. Kuma ya yi ta kaɗawa a hankali babu ƙwallo, sau hamsin, kafin ya nemi nisa.

Babbar cutarsa kuwa, ɗaga kai. Tun sanda ba ta sauka ba ya riga ya hangi inda yake so ƙwallo ta je.

Na ajiye ƙwallon a kan ƙasa tsura, gefen rijiya. Na kafa mata ido. Bugu ɗaya, ta tsallake katanga ta faɗa kangon baya.

Ya buɗe baki yana dariya, wai in sake ya ɗauke ni a waya.

Har lokacin bai dubi buzun ba.

Wannan ne ya fi ci min rai.

Na kwashe sandunan duka da jakarsu na kulle a ɗakina. Makullin yana ɗaure a bakin zanena.

Jiya ya aiko direba da sabuwar darduma mai laushi, 'yar Madina. Na mayar. Ban ce ina neman abin shimfiɗa ba.

Abin da na ce shi ne ya ɗauki buzun da hannunsa, ba direba ba, ya kai wa dukawa, ya zauna a gabansu har su ɗinke. Ya dawo da shi ya yi raka'a biyu a kai, ya yi wa ubansa addu'a.

Shi kuma ya ce ba shi da lokaci kafin Asabar.

Darasi: Mai son bugu ya yi nisa, ya fara sunkuyar da kai ya ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. A golf haka ne, a gidan ubanka ma haka ne.

Ku tura wa duk wanda ƙarin girma ya sa wuyansa ya ƙage.

Ku kuma ƙannensa, ku zauna da yayanku ku raba mana wannan magana kafin a sauko daga Juma'a. In an sauko buzu bai ɗinku ba, doguwar sandar da ita zan riƙa kaɗo mangwaro, gajeriyar kuma ta tokare ƙofar akurki.