Mai Zama a Jikin Bango

Har yau idan na ji an ambaci kaboyi sai raina ya ɓaci.

Lokacin korona mu shida aka kulle a ɗaki ɗaya a unguwar Old Airport, can ƙasar Larabawa, dukkanmu masu gadi. A cikinmu akwai wani ɗan Zangon Kumasi da ba shi da aiki sai kallon tarihin wani kaboyi, ɗan bindigar Amurka na zamanin da, ɗan caca, wanda hukuma ta yi ta nema ruwa a jallo. Ya haddace rayuwar mutumin kamar tare suka tashi: garuruwan da aka kore shi, da waɗanda ya harbe a kan karta. Abin da ya fi burge shi, wai gogan ba ya zama sai ya jingina da bango, idonsa a ƙofa. Shi ma ya ɗauki wannan ɗabi'a. Muka yi ta yi masa tsiya, mutumin da ko danƙo bai taɓa harbawa ba.

Korona ta wuce, cacar da ya koya wa 'yan ɗakin ba ta wuce ba, ga shi kamfani ya ce duk wanda aka kama, khalas, sai gida. Ni ban taɓa yi ba. Burina ɗaya ne, an sa sunana cikin masu gadin ƙofa a filin wasa na Al Thumama idan gasar cin kofin duniya ta zo. Shekara biyu ina jira.

Wata Juma'a bayan la'asar suna cikin caca, ina gefensu ina cin shinkafa, na ba ƙofa baya. Sai ɗan Zangon ya miƙo min kartarsa.

"Ɗan'uwa, riƙe min, bari in sha ruwa."

Na karɓa, sakarai da ni. Ashe ya hango mai duba mu, wanda muke kira mudir, yana tahowa. Mutumin ya shigo ya tarar da karta biyar a hannuna. Na rantse har muryata ta dushe, na juya na kalli ɗan Zangon.

"Ni dai ruwa nake sha, mudir," in ji shi.

Aka koro ni gida. A gidan kallo na unguwarmu a Gusau na kalli gasar. Ranar wasan farko a Al Thumama wani abokin aikinmu ya turo min hoto. Ga ɗan Zangon nan cikin kaki, a ƙofar da aka ba ni, ya riƙe ƙugu, bayansa a jikin bango.