Sha Gahawarka, Baffa

Mako guda aka ce wa Muflih ya riƙe rumfar, kafin karayar mahaifinsa ta ɗoru. Shekararsa goma sha tara a lokacin. Ƙafa ta warke, tsoho ya ce hawan dutsen ya fi ƙarfinsa yanzu. Daga baya ya rasu, aka share makoki, Muflih kuwa yana nan bakin kwazazzabon Mujib yana hura gawayi. Bana shekara ashirin da bakwai ke nan. Wai mako guda!

Rumfar ta sayar da shayi ce, tanti da aka saƙa da gashin akuya, an kafa ta daidai inda titi ya yi kwana kafin ya gangara. Duk motar da ta taso daga Madaba za ta Karak sai ta ci birki a nan, don daga nan ake hango tafkin dam kwance can ƙasa, kore shar tsakanin jajayen duwatsu. Baƙi su sauko su riƙe baki, su miƙa wa Muflih waya ya ɗauke su hoto, su kurɓi shayi, su shafa dardumar da matarsa Fidda ta saƙa su ce ta yi tsada. Minti goma sha biyar, direba ya danna ham, kowa ya kama gabansa. Kuma ba a rasa mai ce masa, "Kai dai ka more, kullum kana kallon wannan kyau!"

Sai ya yi murmushi, ya ce alhamdu lillahi. Amma ni da na san shi zan faɗi gaskiya: Muflih ya tsani wurin nan. Ya tsani tafkin, ya tsani duwatsun, ya fi tsanar bayan mota in ta sha kwana ta ɓace. Tun yana ɗan talatin ya yi lasin tuƙa babbar mota, sau biyu yana sabunta shi, bai taɓa ɗaukar fasinja ko ɗaya ba.

Cikin direbobin da ke tsayawa akwai Irshed, abokinsa tun firamare, mai baki kamar reza. Shi ma kamar kowa Abu Nayif yake kiran Muflih, wato baban Nayif, ɗansa.

"Abu Nayif, har yanzu kana gadin ramin? Riƙe shi da kyau, kar a sace!"

"Gara ni ina tsaye da ƙafata," in ji Muflih. "Kai da kujera ta cinye maka gindi fa?"

"Gindin nan jiya ya jiƙa a tekun Akaba. Naka fa, ina ya taɓa zuwa?"

Wata Litinin Irshed bai yi tsiyar ba. Ya ja shi bayan rumfa, ya ce kamfaninsu na neman direba, kuma ya riga ya ba da sunansa. "Lahadi da safe zan biyo. Ka haɗa jakarka. In ka tsaya ruwan ido, mutum goma ne a layi."

Ranar Muflih shayi biyu ya zuba wa gishiri. Fidda ta ce, "Tafi abinka, ko na huta da warin hayaƙi," tana faɗa tana share ido. Ya yi magana da wani mutumin Ziban da zai karɓi rumfar. To, magana a dangi ba ta kwana. Kafin Laraba kowa ya ji, aka kuma ce Baffa Auda, wan mahaifinsa, ya ji bai ce uffan ba. Muflih ya yi lissafinsa: tsohon ba zai so bare ya zauna a wurin ba, zai zo ya roƙa wa ɗansa Nawwaf, wanda ba ya aikin fari bare na baƙi. To me ya fi wannan sauƙi? A ba Nawwaf, har da butoci da tabarmi.

Alhamis da hantsi sai ga Baffa Auda da dattawa biyu. Muflih ya sumbaci goshinsa, ya zaunar da su, ya ɗauko butar gahawa a hagu, finjali a dama. Ya fara kurɓa da kansa, sannan ya zuba wa Baffa. Tsoho ya karɓa, ya dube shi, ya ajiye finjalin a ƙasa bai kai baki ba.

A wajenmu in babba ya ajiye finjali, da buƙata ya zo, ba zai sha ba sai an biya masa ita. Gahawa ta huce a gaban baƙo kuwa abin kunya ne da ake gorantawa har jikoki. Amma kowa ya san sai ka ji buƙatar tukuna, ka auna ta, sannan ka buɗe baki. Muflih ma ya sani sarai. Sai dai daidai lokacin wata doguwar bas ta tsaya, mutum arba'in suna ta ɓulɓulowa, ga tururin finjali yana raguwa, ga shi yana ganin ya riga ya san zancen.

"Sha gahawarka, Baffa," ya ce. "Abin da ya kawo ka, ka samu."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ɗago kai. "Abu Nayif, ba ka tambaya ba fa."

"Ko wuyana ya ce, nasa ne. Sha, Baffa, kar ta huce."

Baffa Auda ya ɗauka ya shanye, ya girgiza finjalin alamar ya ƙoshi. Sannan ya nuna tafkin da sandarsa.

"Ka ga wajen farin dutsen can? Gonar rumman ɗinmu tana ƙarƙashinsa. Rijiyar kakanka ma tana can. Ruwa ya ci, mun yi shiru. Abin da ya rage da ake kiran sunan gidanmu a kwarin nan, wutar nan ce."

"Shi ya sa na ce Nawwaf ya..."

"Nawwaf?" Tsoho ya yi tsaki. "Ni na haife shi. Wata ɗaya ba zai yi ba zai sayar. Buƙatata ɗaya ce, ɗana. Muddin ina numfashi, kai za ka riƙa hura wutar nan. Ran da kuka rufe ni, ka tafi ko bangon duniya ne."

Muflih ya tsaya da buta a hannu. A waje wata baƙuwa tana ta ɗaga masa waya tana murmushi. Ya fita ya ɗauke ta hoton.

Da ya koma gida Fidda ta ce ya je ya ba tsohon haƙuri, ai kuskure ne. "A gaban shaidu biyu?" ya ce. "Gobe wa zai ba Nayif mata? A ce ga ɗan wanda aka sha gahawarsa ya janye magana?" Ita ma ta san haka ne.

Lahadi Irshed ya iso, ya tarar da shi durƙushe gaban murhu, ba jaka. Ya ji labari, ya dafe kai.

"Kai wane irin gaula ne? Shekarun tsohon nawa?"

"Tamanin da ɗaya."

"To ai saura ƙiris."

"Kakanmu sai da ya yi ɗari da uku."

Irshed ya fashe da dariya, ya ga abokinsa bai yi ba, ya haɗiye sauran. Ya dafa kafaɗarsa, ya hau mota. Kafin azahar an ba wani aikin.

Rashin aikin ya yi masa ciwo, amma ba shi ne ke cin Muflih ba. Baffan nan shi ya goya shi a wuya, shi ya tsaya masa a aurensa, kuma wallahi yana ƙaunarsa. Amma tun daga ranar, in Baffa ya yi tari sai Muflih ya tsinci kansa ya kasa kunne. In aka ce tsohon bai ji daɗin jikinsa ba, sai wani abu ya motsa a ƙirjinsa kafin ya yi a'uziyya. Yana jin ƙyamar kansa, ya rasa wanda zai gaya wa.

Baffa Auda kuwa yanzu kullum sai ya zo. Da ƙafarsa yake hawo dutsen, ya zauna bakin rumfa yana kallon ruwa. Ran nan Muflih ya miƙa masa finjali, ya ce yadda aka saba cewa, "Allah ya ja kwana, Baffa."

Tsohon ya karɓi finjalin.

"Na san addu'ar nan tana yi maka nauyi, ɗana," ya ce a hankali. "Ka yi haƙuri da ni. Ina iya ƙoƙarina, kwanan ne dai ya ƙi ƙarewa."